Ƙarar Kura a Bakin Tiga

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara damina ta yi albarka a Dajin Falgore, gamba ta yi tsawon da za ta ɓoye gwanki a tsaye. Cikin gambar nan Barewa ta kwantar da ɗanta ɗan kwana tara, ta gangara Kogin Kano shan ruwa. Da ta dawo sai gurbi, da sauran ɗuminsa. Aka kwana biyu ana cigiya, tun daga bakin titin Jos har gindin duwatsun Riruwai. Rana ta uku Kurege ya hau wata kirya neman abin kai wa baka, sai ya ci karo da fatar yaron da ƙafarsa guda, an saƙale su tsakanin reshe biyu, can sama inda ko ɗan Adam sai da tsani. Ku riƙe maganar kiryar nan, don a dajin kaf, in ka cire Bushiya, ba wanda ya riƙe ta.

Tun ba a sauko da fatar ba aka gama shari'a a baki. Kowa ka taɓa sai ya ce Kura ce. Ni ma mai ba ku labari ba wanke ta na zo yi ba. Fulanin da ke kiwo tsakanin Tudun Wada da Doguwa sun san sawunta kamar yunwar cikinsu, kuma akwai matan Yaryasa da har yau ba su yafe mata awakinsu ba. Kura ta ci na mutane, ta ci na dawa. Abin da ba a sani ba shi ne ko ta ci wannan.

Sarkin Dogarai a lokacin Damisa ne. Shi da kansa ya jagoranci kamun, da wani irin zafin nama da ba a saba gani gare shi ba. Suka tarar da Kura tana barci a bakin raminta, ciki ya yi tim. Da ta ji tuhumar sai ta ce, "Wallahi daren nan ina bakin titi. Tirela ce ta buge jaki kusa da shiga daji, ni da Ungulu muka raba shi, ta ci rana na ci dare. Ku je ku gani, ƙashin yana nan."

Ba wanda ya je. Aka zura ta cikin wani tsohon ramin haƙar kuza a bayan Riruwai, irin waɗanda aka haƙa aka watsar tun zamanin Turawa. Aka hana ta ruwa. Da magariba dogarai su tara ɗanyar ciyawa a bakin ramin, su barbaɗa barkono, su cinna wuta, su yi ta fifita hayaƙin yana gangarawa ciki. Daren farko ta yi ta rantsuwa. Dare na biyu ta yi tari har jini. A na uku, wajen asuba, aka jiyo murya daga ƙasa kamar ana jan busasshiyar fata a kan tsakuwa: "Ni ce. Ku ba ni ruwa, ni ce." Aka fito da ita, aka dangwala dagin ƙafarta a laka, aka manna a ɓawon maɗaci. Ikirari ya samu.

A nan sai na ɗan ratse. Sarki Zaki, wanda sarautarsa a Falgore ta fi yawa a suna, ya taɓa jin labari daga bakin Tsattsewa, mai yin rabin shekara a Ingila, cewa can in laifi ya yi girma ba alƙali ke cewa an yi ko ba a yi ba. Mutum 12 ake tsamowa daga cikin gari, su zauna su ji shaidu. Alƙali shi ke riƙe da doka: shi zai ce wannan shaida ta shiga, waccan ba ta shiga ba, kuma kafin su keɓe su yi shawara sai ya yi musu bayanin ma'aunin da za su auna da shi. Kotunan Kano ba sa aiki da wannan tsari, alƙali ne ke ji kuma shi ke yankewa. Amma Zaki abin ya burge shi, ya ce a yi masa irinsa. 'Yan dajin suka raɗa wa masu taya alƙalin suna 'yan sha biyu.

Aka zauna a gindin tsamiya. Gwaggon Biri ne alƙali, Dila malamin daji shi ne mai gabatar da ƙara, Gizo magatakarda. Cikin 'yan sha biyu akwai Gwanki da Gada da Mazo da Zomo da Beguwa da Bushiya, sauran duk masu cin ganye ne. Kura ba ta da mai tsaya mata.

Shaidar farko Zabuwa ce. Ta gyara zanenta ta ce, "Allah ya gafarta Malam, Fakara ce ta gaya mini, ita kuma daga bakin Kurciya ta ji, ita kuwa Kurciya a bakin rafi ta tsinci zancen, wai an ga Kura ta nufi gamba."

Alƙali ya ce a rubuta.

Sai Dila ya shiga lissafin tsofaffin ɓarnar Kura, akuya bayan akuya, tun daga wadda ta ɗauke a bayan Kwanar Ɗangora har ɗan maraƙin bara. Ya kai 17 kafin ya tsaya shan iska. Kowace ya ambata sai 'yan sha biyu su yi salati. Daga nan ya ɗaga ɓawon maɗaci sama.

Kura ta yunƙura da ƙyar ta ce, "Allah ya gafarta Malam, hayaƙi ne ya faɗi wannan, ba ni ba. A duba idona."

Alƙali ya ce, "Sawunki ne ko ba naki ba?"

"Nawa ne, amma..."

"To zauna."

Rana ta karkata, kuma alƙali yana da ɗaurin aure a wani dutse. Ya juya wajen 'yan sha biyu ya ce, "Jama'a, ɗa ya mutu, ba musu. Kura nama take ci, ba musu. Saboda haka nauyi yana wuyanta ta nuna muku ba ita ba ce. In ta gamsar da ku, to. In ba ta gamsar da ku ba, kun san abin yi. Ku hanzarta, Sarki na jira."

Suka koma bayan tsamiya. Bushiya ta ɗago ɗan hancinta ta ce, "Ni fa abu ɗaya ya tsaya mini. Yaushe Kura ta fara hawa bishiya?" Gwanki ya ce, "Malam bai tambaye mu bishiya ba. Cewa ya yi ta gamsar da mu ko ba ta gamsar ba. Ke ta gamsar da ke?" Bushiya ta yi shiru, ta dunƙule. Kafin Zomo ya gama tauna ganye guda sun dawo. Aka yanke cewa bayan kaka za a jefo Kura daga kan dutse. Ko i'izari ba a yi mata ba, wato tambayar nan da alƙalin Musulunci kan yi kafin ya rufe, ko akwai sauran magana ko hujja.

Ungulu tana kan wani busasshen reshe tun safe tana jiran a kira ta. Ba son Kura take ba, sau nawa suka yi faɗa a kan mushe. Abin da ya ƙona mata rai shi ne a ce tana da magana a baki an tashi ba a ji ba. Ta buɗe fukafukai ta yi arewa, ta tsallake ruwan Tiga, ta sauka Bagauda cikin ƙasar Bebeji, inda makarantar horar da lauyoyi take. Ungulu dai ba ta jewar banza. A bangon wani ɗakin karatu, bayan fitila, akwai wata Tsaka da ta shekara bakwai tana cin ƙwari tana jin darasi. Ɗalibai su zo su sa baƙar riga su tafi, ita tana nan, har ta fi wasunsu haddace sassan doka.

Tsaka ta ji bayani ta ce za ta je. Ungulu ta yi mamakin saurin amsawar, ta ce ba ko sisi fa. Tsaka ta ce, "Yaya Ungulu, ni da ake bi da takalmi duk inda aka gan ni, wai na taɓa tofa wa wani dafi a tuwo, kuma har yau ba a kawo wanda ya gani ba? Na san abin da suna ke yi wa mai shi."

Ta laɓe cikin buhunan taki a wata mota mai zuwa Doguwa, ta bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ta sauka da dare. Da ta bi bangon ramin kuza ta gangara, warin barkono bai gama fita ba. Kura na kwance, idanu sun kumbura sun rufe, gashin wuya ya babbake, tana lasar danshin bango.

"Sannu, Inna."

"Wace ce? In ruwa kika kawo, ni ce na ci."

"Lauya ce. Ƙara za mu ɗaukaka."

Kura ta fara rantse-rantse, Tsaka ta tare ta. "Inna, ajiye rantsuwarki. Kotun da za mu ba ta sake kiran shaidu, ba ta kuma tambayar ko ke ta kirki ce. Da wannan za ta tambaya, da ban ɓata kuɗin mota ba. Shari'ar da aka yi miki ita ce za a gurfanar. Za a buɗe abin da aka rubuta a duba: abin da aka bari ya shiga kunnen 'yan sha biyu, ya halatta ya shiga? Abin da alƙali ya gaya musu, haka doka take? Kuma akwai wa'adi. Wajen 'yan Adam, mai zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a kan hukuncin laifi kwana 90 gare shi, in ya wuce sai da roƙo. Faɗa mini abu ɗaya. Lokacin da aka ɗaga ɓawon nan, kin yi magana?"

"Na ce hayaƙi ne."

"A gaban alƙali? A daidai lokacin?"

"Ƙwarai."

"Alhamdu lillahi. Da kin yi shiru a nan, da aikin ya yi mini tsauri."

Sai neman kwafin shari'a, kuma wanda ya taɓa bin sawun takarda a kotu ya san nan ne ake tsufa. Gizo a yanarsa yake rubutu, zare bisa zare. Ya ga Tsaka ya washe baki. "Yanka ya daɗe, 'yay'uwa! Shayi'ay nan doguwa ce, zaye ya yi tsada, ga Ƙoƙi ba yafiya. Faya ayba'in, in Allah ya yayda jibi ki dawo." Jibi ta zama mako uku. Ta biya fara 40, ta ƙara da gyare biyu na goro. Da yanar ta zo hannu ta bi ta zare-zare, ta ga maganar Zabuwa, ta ga awaki 17, ta ga jawabin alƙali, amma inda Kura ta ce hayaƙi ne sai ga huda. Ta koma ɗakin Gizo ba sallama, ta leƙa kusurwa, ta tarar da zaren a dunƙule da ƙafar ƙuda a jiki. Gizo ya ce iska ce. Ta sa shi ya mayar da shi a gaban Ungulu.

Babbar kotun dawa a bakin Tiga take zama, ta gefen da ruwan ya taɓo daji. Tsofaffi sun ce dā a kan wani fako take, amma tun da aka datse Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar a 1974, fakon ya nutse, kotu ta hauro tudu. Alƙalai uku ne: Giwa a tsakiya, Kunkuru a dama, Kada a hagu, rabinsa cikin ruwa. Barewa ta zo tun da sassafe ta tsaya a gaba, ba ta ce wa kowa komai ba.

Tsaka ta hau kan wani dutse don a gan ta. Zancen Zabuwa ba ta daɗe a kansa ba. Ta ce jiyau ce ba ganau ba, kuma Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 38, ta rufe wa irin wannan ƙofa, in ban da 'yan wuraren da ta keɓe. Haka lissafin awaki: sashe na 82 ya hana a kawo munin halin wanda ake tuhuma don a ce tunda ya saba, shi ne. Ta ce, "Ya masu shari'a, akuya 17 aka kawo kotu, alhali ɗan barewa ɗaya ake nema."

Kunkuru ya gyaɗa kai a hankali, yadda ya saba yin komai.

Da ta zo kan ɓawon maɗaci sai ta zauna sosai. Ta ce sashe na 29 na dokar nan ya ce da zarar wanda ake tuhuma ya ce da azaba aka karɓi ikirarinsa, to kotu ba za ta karɓa ba sai mai ƙara ya tabbatar, tabbacin da ba ya barin kokwanto, cewa ba haka aka yi ba. Alƙali kan dakatar da babbar shari'a ya buɗe wata 'yar ƙarama a cikinta, a kira waɗanda suka ɗauki bayanin su sha tambayoyi. Kuma dokar ta ce ko da abin da aka faɗa ɗin zai yiwu gaskiya ne, in dai ta hanyar azaba ya fito, ba ya shiga. Ta ƙara da cewa dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta yi tanadin a ɗauki ikirari a bidiyo ko a gaban lauya, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya yi. Da ta faɗi wannan, Damisa ya shiga lasar dagi yana kallon ruwa.

Dila ya miƙe, ya yi gyaran murya irin ta malamai. "Allah ya gafarta malamai, ƙanwata ta sha karatun boko. Amma mu da muka yi na zaure mun san malaman fiƙihu sun yi magana a kan wanda ya shahara da ɓarna. Akwai waɗanda suka yarda a tsare shi a matsa masa. Ba a ɗaukar Kura kamar Gada."

Wannan magana tana da tushe, kuma Tsaka ba ta musa ba. Ta ce saɓanin yana nan a littattafai, amma a duba yadda alƙalan Musulunci na ƙasar nan suka yi da rai ya zo hannunsu. "Ba ina haɗa baiwar Allah da Kura ba ne, ƙa'idar nake nufi. A watan Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, bisa ikirarinta da cikin da ta haifa. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Amma ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe hukuncin, alƙalai 4 suka rinjayi 1. Cikin dalilansu akwai cewa mai ikirari a haddi yana da ikon janyewa, kuma ta janye ba a saurare ta ba, sannan alƙalin farko shi kaɗai ya zauna alhali dokar jihar ta ce da mutum biyu a gefensa. Kafin ita, a watan Maris 2002, kotun Sakkwato ta saki Safiya Husaini da aka yanke wa irin wannan hukunci a Gwadabawa. Waɗannan ba Turawa suka yi ba, malamai ne masu rawani. Su ikirarin da aka yi ba duka ma sun yarda a janye shi. Ina ga wanda aka ciro da barkono?"

Ana cikin haka sai aka ji 'yar hayaniya a baya. Buzuzu ne, ya juyo da baya yana gangaro da wani dunƙulen kashi fari fat, ya yi kwana 11 yana turo shi daga Falgore. Giwa saura kaɗan ta taka shi. Ya tsaya yana haki ya ce, "Ranku ya daɗe, wannan na Kura ne na washegarin ranar. Sana'ata ce, tun kakanni. Gashin da ke ciki na jaki ne, kauri gare shi, toka-toka. Na barewa laushi ne ja. A fasa a gani."

Jama'a suka matso. Giwa ta ɗaga hanci ta ce a tsaya. "Malam Buzuzu, sannu da hanya. Amma nan ba a fasa sabuwar shaida sai da dalili mai ƙarfi, kuma ba a nemi izini ba. Adana kayanka." Buzuzu ya tura abinsa gindin wata sabara ya zauna a kai, ransa a ɓace.

Sai Tsaka ta zo kan jawabin alƙali, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan ƙarar duka. Ta sa Gizo ya karanto shi da bakinsa, har inda aka ce nauyi yana wuyan Kura. Ta ce, "A Ingila, inda Sarki ya aro tsarin nan, an yi wani ɗan ƙodagon gona, Reginald Woolmington. A ƙarshen 1934 bindiga ta tashi a hannunsa matarsa ta mutu. Ya ce tsautsayi ne, kansa ya yi barazanar harbewa don ta dawo gida. Alƙali ya gaya wa mutum 12 cewa tunda an tabbatar shi ya kashe, shi zai nuna tsautsayi ne. Suka kama shi da laifi, aka yanke masa rataya. A 1935 kotun ƙoli ta ƙasar, ta Majalisar Dattawansu, ta rushe hukuncin saboda wannan jawabi kaɗai. Suka ce mai ƙara ne zai tabbatar da laifi tun daga farko har ƙarshe, wanda ake tuhuma kuwa ya ishe shi ya jefa kokwanto. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ma, sashe na 36, haka ya ce: mutum ba shi da laifi sai an tabbatar. Ya masu shari'a, ni a ƙasar Bebeji na girma, garin fatake, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata. Can in ayari ya ɓace hanya ba a dukan jakuna, jagaba ake tambaya. 'Yan sha biyu sun bi inda aka nuna musu. An ce su auna ko Kura ta gamsar da su. Ba a ce su auna ko Dila ya gamsar da su ba. Da an faɗa musu haka, wataƙila da wani cikinsu ya tambayi yadda fata ta hau kirya."

Can cikin taro Bushiya ta ƙara dunƙulewa.

Kada ya buɗe ido ɗaya. "'Yar nan, na ji. An yi kuskure. Amma ba kowane tuntuɓe ke karya ƙafa ba. Su 'yan Adam ɗin da kike ta ambato, ai dokarsu ta ce ko an yi kuskure, in bai jawo zalunci na gaske ba, hukunci na nan daram. Ki dubi matar can." Ya nuna Barewa da haɓa. "Me za mu ce mata?"

Tsaka ta juya ta dubi Barewa, ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne dokar ta faɗi haka. To a gwada. A cire maganar Zabuwa, a cire awaki, a cire ɓawon maɗaci. In akwai abin da ya rage wanda zai ɗaure Kura, a bar hukunci. Ni na duba yanar nan zare-zare, abin da ya rage fata ce a kan bishiya. Ita kuwa Inna Barewa, abin da ta zo nema wanda ya ci ɗanta ne. In Kura ce, a tabbatar mata. In ba ita ba ce, ranar da aka jefo Kura daga dutse ranar za a daina nema, shi kuma yana nan cikin gamba, ga ta da sauran haihuwa a gaba."

Barewa ba ta ɗago ba, amma kunnenta ya motsa.

Aka ɗage zama zuwa bayan sati biyu. Ranar hukunci Giwa ta karanta nata, Kunkuru ya ce ya bi ta, Kada ya saɓa. Biyu suka rinjayi ɗaya. An rushe hukuncin Gwaggon Biri, an fitar da ikirarin hayaƙi da maganar Zabuwa da lissafin awaki, an ce jawabin da aka yi wa 'yan sha biyu ya kife doka. Kura ta fara wannan dariyar tata mai tayar da tsigar jiki, sai Giwa ta ce ba ta gama ba. Tunda rai aka rasa, kuma akwai shaidun da ba a ji ba, ba za a sallame ta ba. A mayar da shari'a gaban wani alƙali da wasu 'yan sha biyu, a fara daga farko, a kira Ungulu, a fasa dunƙulen Buzuzu. Kafin nan ta ci gaba da zama a tsare. Game da Damisa da barkononsa, kotu ta ce ba shi aka kawo gabanta ba.

Kura ta dubi Tsaka da kumburarrun idanu. "'Yar nan, mun ci ko an cinye mu?"

"Mun ci, Inna."

"To ina za a kai ni yanzu?"

"Ramin."

Tsaka ta koma Bagauda a motar rake. A zaman farko na sabuwar shari'a alƙali bai zo ba, ya tafi ta'aziyya. A na biyu Gizo ya ce gara ta shiga yana. Kafin na uku ruwan farko ya sauka, ya narkar da dunƙulen Buzuzu a gindin sabara, gashin ya bi rafi. Ungulu kuwa, wadda danginta ke ta ƙarewa a ƙasar nan, masu kai kawunan tsuntsaye kasuwar 'yan magani suka sa mata guba a mushe. Damisa ya samu ƙarin girma, yanzu shi ne Galadima. A daminar da ta biyo an sake rasa ɗan Gada, aka tsinci ƙafarsa a kan wata ɗorawa, aka ce iska ce ta kai ta.

Damina uku ke nan Kura tana ramin kuza a bayan Riruwai. Barewa ba ta taɓa fashin zama ba, takan riga kowa zuwa gindin tsamiya. An sa rana ta gaba bayan an cire masara.

Ƙurunƙus kan kusu.